Ba A Koyon Ciniki A Jikin Allo

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na birnin Zazzau, yau da ku mu ke magana, kuma maganar a kan 'ya'yanku ta ke.

A cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fid da sabon tsarin karatu na makarantun ƙasar nan. Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, shi ne ya yi shelarsa. A cikin wannan tsari an ce kowane yaro na ƙaramar sakandare, watau ɗan aji ɗaya zuwa uku, zai zaɓi sana'a guda daga cikin shida ya koya. Ga su: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinkin tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma noman lambu da na hatsi. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2024, ministan da ya gabace shi, Farfesa Tahir Mamman, ya yi shelar sana'a goma sha biyar ne. Shekara ba ta zagayo ba suka koma shida. To, mu ba mu da ja a kan adadi. Ko shida ce, ko guda ɗaya tak, in dai za a koya wa yaro ita har ya ci abinci da ita, mun yi murna mun gode.

Amma fa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba yau aka fara yi wa talaka wannan alkawari ba.

Tun a 1909, sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, akwai sashen sana'a a cikinta, inda a ke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki. A nan gida makarantar da yau mu ke kira Alhudahuda ta soma ne a 1910, daga baya ta zama Midil ta Zariya. Me ya sa aikin hannu bai yi daraja ba a makarantun wancan zamani? Domin kowa ya ga inda albashi ya ke. Wanda ya iya alƙalami ya tafi ofishin En'e, ya sa farar riga, ana ce masa malam. Wanda aka tura ɗakin sassaƙa kuwa sai a ɗauka kansa ne bai ja ba. Wannan raini shi ne gadon da aka bar mana, har yau bai fita daga zukatan masu tsara ilmi ba, ko da ya ke bakinsu na faɗin wani abu dabam.

Sa'an nan aka zo 1982, aka soma tsarin nan na shekara shida, uku, uku, huɗu. Iyayenmu sun tuna da kirarin da aka yi masa. Aka ce yaron da ya gama aji uku, ko bai ci gaba ba, zai fito da sana'a a hannu. Aka kwashi dukiyar ƙasa aka sayo injuna daga ƙasashen Turai, na aikin katako da na ƙarfe da na lantarki, aka rarraba wa makarantu. Ina suka shiga? Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, domin an kai su inda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san yadda a ke tā da su. Waɗansu kuma ɓarayi suka yi gaba da su. Yara dai suka ci gaba da zana hoton zarto da guduma a littafi, suna haddace sunayensu da Turanci. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. A 2011 aka ƙara wa babbar sakandare darussan sana'a har talatin da huɗu. Kowane ɗaya da shelarsa da kiɗansa. Ku tambayi ɗanku da ya ci jarrabawar kiwon dabbobi da kyakkyawan sakamako, ko ya taɓa riƙe akuya ya ba ta magani.

Mai rubuta wannan ya yi makarantar mishan, kuma ba ya raina abin da ya samu can, gama da shi ya ke riƙe alƙalamin nan. Amma bai manta da darasin da a ke ce wa aikin hannu ba. Ƙarshen zango sai a ce kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa. Mu kuwa sai mu tafi kasuwa mu sayo tsintsiya ko maburgi, mu miƙa, a ba mu maki. Malam ya sani, mu ma mun san ya sani. Da tafiya ta yi nisa aka daina wahalar da mu, aka ce a kawo kuɗin kawai. Abin da muka koya a wannan darasi shi ne yadda a ke sayen maki, kuma waɗansunmu sun riƙe karatun da kyau.

To, yanzu ku bi mu mu zaga Kusfa da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Unguwa ce ta malamai da almajirai, kowa ya sani. Amma ku leƙa zaure bayan an tashi karatu, ku ga abin da ke hannun samari. Ga mai ɗinkin hula, ga mai aikin wuyan riga ya ɗora ta a gwiwa yana bin zane da allura. Babbar rigar Zariya, aska biyu da aska takwas, ta kai inda masu ɗinkinta ba su taɓa zuwa ba. Dā aikin maza ne, amma tun wajen shekarun 1970 da 1980 matan cikin birni suka shigo shi, har ya zama abin da ke rufa wa gidaje da yawa asiri. Ku shiga cikin gida, ga mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga mai dambu, ga mai turaren wuta, ga mai adashi da ke riƙe da lissafin mutum ashirin a ka, ba ta taɓa ɓata na kowa ba. Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda har yau masana gini na duniya ke zuwa kallo, wace jarrabawa mai shi ya zauna? Duk waɗannan ba wanda ya koya a jikin allo. An ba shi abu a hannu, ya ɓata, an yi masa faɗa, ya sake, har hannunsa ya faɗa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Yaron shago ba a zaunar da shi a karanta masa ma'anar riba. Da fari shara ya ke yi da ɗauko kaya. In an ga hankalinsa, a bar shi ya miƙa kaya ya karɓi kuɗi. Daga nan a aike shi sari da 'yan kuɗi kaɗan, a ga yadda zai taya, da yadda zai ce albarka, da ko za a cuce shi a mudu. Ran da ubangida ya yi tafiya ya bar masa shago kwana uku, ran nan ne jarrabawarsa. In ya ci, wata rana a sallame shi da jari. 'Yan'uwanmu Ibo ma haka su ke yi da yaransu, kuma ga Sabon Gari nan ku duba abin da ya haifar.

Abin da zai ba ku dariya shi ne masanan ilmin boko sun daɗe da gano wannan hanya, har sun raɗa mata suna. Wani malami a Amurka, Kilpatrick, ya yi rubutu a kanta tun a 1918. Ya ce yaro ya fi koyo in an ba shi aiki guda cikakke wanda ransa ke so, ya tsara shi, ya yi shi, ya auna sakamakonsa da kansa. A can kuma a 1919 aka kafa wata ƙungiya mai suna Junior Achievement, wadda ta iso Nijeriya a 1999. Yadda su ke yi shi ne 'yan makaranta su kafa ɗan kamfani nasu, su sayar da hannun jari, su zaɓi shugaba da ma'aji, su yi kaya su sayar, in lokaci ya cika su rufe littafi su raba abin da ya samu. Malamanmu na kwalejojin horon malamai sun karanta duk wannan, sun rubuta shi a jarrabawa. Sai dai a allo aka koya musu cewa ba a koyo a allo.

Ra'ayin wannan jarida ke nan, kuma a fili za mu faɗe shi. In gwamnati da gaske ta ke, to, darasin sana'a ya tashi daga allo ya koma aiki. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara biyar ko shida. A damƙa wa kowace ƙungiya jari na gaske, kome ƙanƙantarsa, a rubuce, da shaidu. A ba su zango guda, watau wajen mako goma sha biyu. Su ne za su zaɓi abin da za su yi a cikin sana'ar da su ke koyo, su je su tambayi farashi, su sayo kaya, su yi, su sayar, su kawo lissafi. Malam ya tsaya a gefe yana tsawatawa in za a faɗa rami, amma kada ya riƙe musu alƙalami.

Bari mu buga misali don kowa ya gane, kuma lambobin nan na misali ne kurum. A ce 'yan mata shida na aji biyu sun zaɓi ɗinki, an ba su naira 20,000. Suka zaga gidajen unguwa suka tambaya, suka ga iyaye na neman ƙananan hijabai na 'yan Islamiyya. Suka sayo yadi 10 a kan 1,500 kowanne, 15,000 ke nan. Zare da allura 1,000, hayar keke 2,000, kuɗin mota 1,000. Sun kashe 19,000, saura 1,000. Wajen yanka aka ɓata guda, suka fid da hijabi 9. Suka sa 2,500 kowanne. An sayi 7 kuɗi hannu, 2 kuwa wata gwaggo ta ɗauka ta ce sai ƙarshen wata. Ran lissafi suka zuba kuɗi a tebur, 18,500. Jari kuwa 20,000 ne. Sai ido ya raina fata. Sun ci riba ko sun faɗi?

A nan karatu ya ke. A takarda sun ci ribar 3,500, domin suna bin bashin 5,000. A hannu kuwa ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Wa zai je wurin gwaggo, kuma da wane baki, tun da yake babba ce? Hijabin da aka ɓata, a kan wa hasararsa za ta hau, mai almakashi ko duka shida? In an raba 3,500 shida, kowace ba ta kai 600 ba, alhali sun yi yammaci takwas suna aiki. Ashe guminsu ba shi da kuɗi? Da sun sa 3,000 za a saya? Da sun sari yadin a wani wuri fa? Yarinyar da ta zauna ta warware waɗannan da kuɗi a gabanta, ba za ta manta da bambancin riba da kuɗin hannu ba har ta tsufa. Ta kuma yi tarawa da ɗebewa da rabawa, ta rubuta wasiƙar neman bashi, ta tsaya gaban mutane ta yi bayani. Wane darasi ne bai shigo ba?

Haka 'yan kiwo. Kajin gidan gona na nama su kan isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, watau sun shiga cikin zango guda daidai. Yara su lissafa baya daga ranar Salla su san ran da za su sayo 'yan tsaki, su auna abinci, su rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. 'Yan lambu kuma ga tumatir. Kowa ya san yadda ya ke zubewa a ƙasar Zazzau in kakarsa ta rani ta yi, har kwando ya rasa mai taya shi, sa'an nan damina ta faɗi ya yi tsada. Yara su saya da araha, su yanka su shanya kauɗa a wuri mai tsabta, su auna abin da ya rage bayan ya bushe, su adana, su ga ko jira na biya. Wannan ba ya bukatar inji daga Turai.

Wani zai ce, to, in haka ne me ya kai yaro makaranta? A bar shi a shago mana, ko a bar yarinya da farantin tallarta. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu yi wa 'yan'uwanmu ƙarya don mu faranta musu ba. Hanyar gida tana da giɓi. Yaron shago ya kan koyi abin da ubangidansa ya sani ne kaɗai, da daidai da kuskure duka. 'Yar talla ta iya canji, ta iya kiran mai saye, ta san wanda ba a ba shi bashi, amma ba ita ta yanke abin da za a dafa ba, ba ta san nawa aka kashe ba, kuɗin kuma ba a hannunta su ke kwana ba. Ga haɗarin titi da na mugayen mutane, wanda ya sa dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yara talla a manyan tituna. Kuma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a kasuwanninmu jarinsu ya narke ba su san ta inda ya bi ba? Ba sata aka yi musu ba. Aljihun shago da na cefane ɗaya ne, bashi a ka ya ke, ba a rubuce ba, kuma mai ɗinkin riga ya yi wata guda a kanta bai taɓa lissafa kwanakinsa a cikin kuɗin ba, dillali ya fi shi samu. Abin da makaranta za ta ƙara ke nan, rubutu da lissafi da awo, da sanin abin da ke faruwa a wajen ganuwa. Kasuwa na da hannu, makaranta na da alƙalami, yaronmu kuwa duka biyu ya ke bukata, ga su kuma a gari ɗaya ba sa ga maciji.

Wa zai koyar? Nan ne masu mulki za su ce babu malamai, babu kuɗin ɗaukar sababbi. Haba! A birnin Zazzau a ce babu mai koyar da ɗinki? Teloli nawa ne tsakanin Kusfa da Babban Dodo? Masu gyaran waya nawa ne a Tudun Wada da Sabon Gari, samari da suka koya a bakin tebur? Masu haɗa sola fa, da yanzu ba unguwar da ba su? A ɗauko gwanin unguwa ya zo makaranta sau ɗaya ko biyu a mako, ko a kai masa yaran da malaminsu. Shi ya nuna aiki, malamin aji ya kula da littafi da tarbiyya. Amma a biya shi. Mun san halin, za a kira shi taro a ba shi ruwan leda a ce ya taimaka saboda Allah, alhali wanda ya zo da mota daga Kaduna ya buɗe taron ya karɓi kuɗin kwana da na hanya. Wanda ya bar shagonsa awa biyu ya bar ciniki ne, haƙƙinsa ne a biya shi. Kada kuma a ce sai ya nuna takardar shaida. Takardarsa na rataye a shagonsa, masu saye ne suka sa mata hannu.

Ban da su, wane gari ne a Arewa ya kai Zariya manyan makarantu? Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga ta dabbobi a Shika wadda ta fid da kazar ƙwai da a ke kira Shika Brown, ga cibiyar binciken fata da ƙirgi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Tsakaninsu da yaron cikin birni tafiyar minti kaɗan ce a mota. Ɗalibansu na neman inda za su yi aikin gwaji. Me zai hana a haɗa su da makarantun unguwa?

Yanzu ga inda mu ke so ku buɗe ido sosai, domin abu mai kyau ya kan lalace a hannun mai kwaɗayi. A 1967 Shugaba Nyerere na Tanzaniya ya fid da manufar ilmi don dogaro da kai. Ya ce kowace makaranta ta zama tana da gona ko ɗakin sana'a, kuma ya ce yara su kasance cikin masu shawara. Niyya ta yi kyau. Amma a makarantu da yawa abin ya koma noma kurum, malamai ke yanke kome, yara ke riƙe fartanya, ba su san inda amfanin ya tafi ba. Mu ma nan mun san gonar makaranta. Mun san wanda ya yi huɗa da wanda masara ta kwana gidansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In yaro ya yi aiki, wani ya yanke shawara, wani ya riƙe kuɗi, wannan aikin tilas ne, irin wanda kakanninmu suka yi wa masu sarauta, ko da an sa masa sunan zamani. Saboda haka littafin kuɗi ya zauna a hannun yara. Su zaɓi ma'ajinsu da magatakardansu. In zango ya ƙare, uwar kuɗi ta koma asusu don 'yan baya, riba kuwa tasu ce, su raba ko su ƙara a jari, yadda suka ga dama.

Haɗari na biyu ya fi kusa da aljihunku. Da zarar an ce sana'a, za ku ga takarda ta biyo yaro gida, kuɗin kayan aiki kaza, kuɗin gwaji kaza, wanda bai kawo ba kada ya shiga aji. An ce ilmi kyauta ne har aji uku na ƙaramar sakandare, haka dokar 2004 ta faɗa. Dokar nan kuma ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan ilmi, jiha ta kawo nata rabo ta karɓa. Daga nan jarin yara ya kamata ya fito. Jarin ƙungiya goma a makaranta guda bai kai kuɗin tayar motar babban mutum ɗaya ba. In aka ɗora wa iyaye, ɗan mai hali ne zai yi sana'a, ɗan mai turin baro ya koma kallo, alhali dominsa aka ce an kawo abin. In wani attajiri na unguwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa sun ga dama su ƙara, madalla, Allah ya saka, amma a rubuta a karanta a gaban jama'a, kada kuma gwamnati ta fake da su ta janye hannu.

Sai maganar faɗuwa. Waɗansu ƙungiyoyi za su yi hasara, babu makawa. Kaji za su mutu, kauɗa za ta yi fumfuna, wani zai ci bashi ya hana. Kada a doki yaro don wannan, kada a kā da shi, kada a aika wa ubansa ya biya. Wane ɗan kasuwa ne cikinku bai taɓa faɗuwa ba? Gara ya faɗi da naira dubu biyu yana ɗan shekara goma sha uku, a gaban malaminsa, da ya faɗi da kuɗin gadon uwarsa yana da talatin. Maki ya tafi ga wanda littafinsa ya fita tsaf, ya kuma iya faɗin abin da ya kā da shi da abin da zai sake. Wanda ya kawo riba mai yawa ba lissafi kuwa, a bincika, watakila babansa ne ya saye kayan duka. Abin da ba za a yafe ba shi ne ha'inci, tauye mudu, ɓoye aibin kaya, da taɓa kuɗin ƙungiya. A unguwa irin Kusfa ba sai an yi dogon bayani ba, malamai na karantar da babin ciniki a zaure tun kafin a san boko, har da abin da ya halatta da wanda ya haramta a cikinsa. A gayyace su su ma su faɗa wa yara.

Game da 'yan mata, mun san akwai iyayen da za su ce ba a fid da 'yarsu kasuwa da sunan makaranta ba. Suna da hujja, kuma ba sai an yi jayayya ba. A yi ranar kasuwa a cikin makaranta sau ɗaya a zango, iyaye mata da maza su zo su saya, a taya a yi ragi kamar gaske. Sari kuwa a tafi tare da malama. Kada dai a ce 'yan mata ɗinki da kwalliya kurum, maza su kwashe gyaran waya da sola. Wayoyin matan aure nawa ne ke lalacewa a cikin gidajen birni, masu su ba sa so su miƙa wa namiji baƙo saboda hotuna da sirrin da ke ciki? Yarinyar da ta iya wannan gyara ta sami kasuwar da ba mai ƙwace mata, tana zaune a ɗakinta.

Ba mu ce kowane yaro zai zama attajiri ba, ba mu kuma yarda a ce wa ɗan talaka ga allura, ka bar wa 'ya'yan manya likita da lauya ba. Wannan tsohuwar dabara ce, mun san ta. Yaron da ya yi lissafin kajinsa da kansa ya fi kusa da cin jarrabawar lissafi a kan wanda ya haddace. Kuma koya wa yara ciniki bai sauke wa masu mulki nauyin samar da wuta da hanya da aikin yi ba. Masaƙun Kaduna da suka ci da dubban gidaje, suka kuma sayi audugar manoman Zazzau, ba rashin darasin sana'a ya rufe su ba.

Abin da ya rage naku ne. Kowace makarantar gwamnati an ce ta kafa kwamitin kula da ita, kuma a ƙa'idarsa akwai kujerar iyaye, da ta mata, da ta masu sana'a. Da yawanku ba ku san da wannan kujera ba, shi ya sa a wurare da dama hedimasta ke cika ta da wanda ya ga dama. Ku je ku tambaya wa ke zaune a kanta. Shugabannin teloli, da na masu gyaran waya, da na 'yan kaji, da na 'yan gwari, ku tura mutum. In an kira taron iyaye, kada ku aika a ce kuna kasuwa, ku rufe rumfa awa guda ku je. Ku tambayi hedimasta cikin ladabi, wace sana'a cikin shidan nan makarantarsa ta ɗauka, wa ke koyar da ita, nawa aka aiko na kayan aiki, kuma yaushe yara za su taɓa abin da hannunsu. In ya ce ba a aiko kome ba, kada ku yi masa faɗa, watakila gaskiya ya faɗa. Ku ce ya rubuta muku, ku ɗauki takardar ku kai wa kansilanku da ɗan majalisarku, ku kuma aiko mana da kwafi a ofishin wannan jarida, za mu buga da sunan makarantar da ranar da aka yi tambaya.